Ranar da Minista Jobed Morol Ya Shiga Ɓaraka

Kakana na wajen uwa, Jobed Ali Morol, bai iya zaman kujera ba. Ko bayan ya zama minista, da zarar baƙi sun fita daga ofis sai ya naɗe ƙafafunsa a kan kujerar gwamnati kamar mai zaune a gindin kwalekwale, ya ciro ganyen pan, wanda ake taunawa a wurinmu kamar goro, daga aljihu ya cusa a kunci. Kakata Amiron takan ce gwamnati ta yi asarar kujera mai kyau.

A Shalikhali aka haife shi, ƙauyenmu na can kudu, inda gonaki ke ƙarewa kurmin bakin teku ya fara. Ubansa matuƙin kwalekwale ne mai kai masu neman zuma cikin kurmi. Kogin da ke gabanmu na gishiri ne, yana cikowa yana janyewa safe da yamma, kuma abin da ya raba shi da gonakinmu jinga ce ta laka wadda ta zagaye ƙauyuka bakwai. Muddin jingar tana tsaye muna da shinkafa, da tafkunan sha, da ciyawar shanu. Duk yaron da ya tashi a wurinmu ya san wannan tun kafin ya san karatu.

Yana saurayi yaƙin 'yanci ya ɓarke a 1971. Kafin nan bai taɓa riƙe bindiga ba. Mayaƙa ne suka zo neman wanda ya san ƙoramun kurmi, wacce ke bushewa idan ruwa ya janye, wacce ke ɓullewa bayan sansanin sojoji, aka nuna musu ɗan matuƙin kwalekwale. Ya fara da tuƙi, daga baya aka ba shi bindiga. A can ya bar yatsu biyu na hannun hagu. A can kuma ya samu aboki, Lutfar Sana, ɗan wani mai kanti, wanda ya goya shi ya yi iyo da shi zuwa gaɓa ranar da aka harbe musu jirgi.

Kaka ba ya ba da labarin yaƙi. Idan 'yan makaranta suka zo ranar bikin 'yanci suna tambayar abin da ya gani, sai ya ce, "Sauro na gani, da gudawa, da yunwa. Ku koma aji."

Jinga ce ta kai shi siyasa. Bayan yaƙi ya lura 'yan kwangila suna like ta da yashi, su shafa laka a sama, damina ɗaya ta wanke aikin. Ya yi ta faɗa da su har mutane suka gaji suka zaɓe shi shugaban majalisar ƙauyukan, don ya je ya yi faɗan a inda za a ji. Zamanin mulkin soja ya shiga kurkuku, ya fito, ya sake shiga. Ya nemi kujerar majalisar ƙasa ya faɗi, ya sake nema ya faɗi, sai a karo na uku ya ci. A duk waɗannan zaɓuɓɓuka Lutfar ne ke buga masa hotuna, shi ke hayar jiragen kai masu ƙuri'a. Dama shi Lutfar ya shiga sana'ar kiwon jatan lande tun da wuri, yana sayar wa ƙasashen waje, ya gina masana'antar ƙanƙara da gidan bene a birnin Khulna, ya kuma zama shugaban jam'iyya na yankinmu.

Kaka ya doshi shekara saba'in lokacin da aka naɗa shi ƙaramin minista mai kula da jingogin bakin teku. Bai ruɗi kansa ba. "Tsohon mayaƙi suke so a hoto," in ji shi. "Hannuna mai yatsu uku yana kyau a jarida." Duk da haka ya karɓa, ya koma Dhaka, babban birnin ƙasa, shi kaɗai, don kakata ta ce ba za ta bar agwaginta saboda motar gwamnati ba.

Jatan lande ruwan gishiri yake so. Mai kiwonsa sai ya karɓi hayar gonaki, ya fasa jinga, ya shigo da kogi. Shekarar farko kowa na murna da kuɗin haya. Daga nan bishiyar mangwaro ta fara zubar da ganye, tafki ya yi ɗaci, shanu su rame, mata su dinga tafiya mai nisa da tulu. Mun ga haka ya faru a ƙauyukan ƙetaren kogi. Ƙasarsu ta yi fari fat, samarinsu sun watse zuwa birni suna tuƙa keken haya.

Lutfar ya karɓi hayar kwarin da ke kudancin Shalikhali daga hannun masu gonakin da suka daɗe da komawa birni, ya nemi izinin fasa jinga a saka ƙofar ruwa. Maganar ta zo teburin Kaka, ya ƙi. Ta sake zuwa, ya sake ƙi. Sai aka tura shi wani taro a ƙasar Turai a kan hauhawar ruwan teku. Yana can aka ba da izinin daga sama, aka kawo motar haƙa ta yanke jingar, aka samo umarnin kotu cewa kada wanda ya taɓa wurin, aka jibge 'yan sanda. Ƙofar da aka ce za a saka ba ta iso ba. Ruwa ya dinga cin gefen yankan, kullum yana ƙara faɗi. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki a lokacin, ga tsayuwar wata ta matso, kuma da tsayuwar wata ne kogi ke yin babbar cikowa. Idan ta samu wurin a buɗe, gishiri zai wuce kwarin Lutfar ya mamaye ƙauyukan bakwai, ƙasar kuma ba za ta sake yin shinkafa ba sai bayan shekaru.

Ina gida hutun jami'a a lokacin.

Muna da yadda muke yi idan jinga ta ɓarke. Lasifikar masallaci za ta yi kira, gangar gidan ibadar Hindu ta amsa, kowane gida ya fito da mutum da kwando. Babu lada. Sai ruwa ya janye ake aiki, daga ɓangarorin biyu, ana kafa gora ana zuba laka har bakin ya matse. A nan aikin yake da haɗari, don duk ƙarfin ruwan a wannan ɗan wurin yake taruwa, ya kwashe duk abin da aka zuba. Sai maza su shiga su jera, kafaɗa da kafaɗa, su sarƙe hannuwa, su tare ruwan da jikinsu, sauran mutane na jefa buhuna da laka a bayansu. Wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu shi ke tsayawa a tsakiya. Kuma da zarar an sarƙe, ba mai fita sai an rufe.

Da safen nan lasifika ta yi kira, mun fito, amma muka tsaya cirko-cirko da kwandunanmu. 'Yan sanda sun ja layi da sanduna a gaban ɓarakar. Shugabansu wani matashin sufeto ne mai suna Biswas, yana ta share gumi yana maimaita cewa shi umarni aka ba shi. Ruwa ya soma janyewa, lokaci na tafiya, ba wanda ya iya ɗaga ƙafa.

Sai ga kwalekwalen haya mai inji ya doso gaɓa. Kaka ne a ciki, da farar riga da baƙar falmaran, daga filin jirgin sama ko gida bai biya ba. Motarsa mai tuta ta tsaya a mashigar jirgin fito, don hanya ba ta zuwa wurinmu.

Kakata ce ta fara tararsa, kwandonta a kwankwaso, ta kira shi da sunan mahaifiyata kamar yadda ta saba.

"Baban Rokeya, sai yanzu? An gama shan shayin Turawa?"

"An gama. Sun ce in gaishe ki, teku na hawa."

"To ka ce musu mun gode, ya iso."

Ya wuce wurin sufeton. Sufeto ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, akwai umarnin kotu."

"Na ji labari. Shi ma wata an kai masa nasa kwafin? Don shi ne zai ɗago ruwan nan jibi."

"Yallaɓai, umarnin ya ce kada kowa ya taɓa wurin."

"Yaro, ni wane ne?"

"Minista, ranka ya daɗe."

"Ministan me?"

Sufeton ya kalli ƙasa. "Na jinga."

"To na zo duba aiki. Waɗannan kuma masu taya ni dubawa ne. Matsa."

Ya cire takalmansa ya miƙa wa wani ɗan sanda, shi kuwa ya karɓa kafin ya tuna ba aikinsa ba ne. Ya tuɓe falmaran da riga, ya ari zanen lungi a wurin wani manomi, ya ɗaura ya tattare shi tsakanin cinyoyi, ya karɓi kwando ya gangara cikin laka. Ba ɗan sandan da zai ɗaga wa minista sanda. Layin ya buɗe, muka bi bayansa kamar an sake garke.

Muka yi aiki har rana ta take. Maza na yankar laka, mu mata muna miƙa kwanduna hannu da hannu. Ban taɓa ganin Kaka haka ba. A gida tsoho ne mai tari da ciwon gwiwa. A nan kuwa muryarsa ta cika wurin, yana zagin wanda ya kafa gora a karkace, yana kiran kowa da sunan ubansa. Ya hango ni a layi.

"Kai, amaryata bebiya! Rabin kwando ake koya muku a jami'ar?"

Mata suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ƙara laka.

Bayan azahar bakin ya matse, ruwa kuma ya juyo. Maza ashirin da wani abu suka tuɓe. Haripada Mondol, tsohon masunci, ya nufi tsakiya kamar yadda ya saba, Kaka ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka, Hari? Na girme ka."

"A ina? Ranar da aka haife ka ina rarrafe."

"Ƙarya kake. Uwarka ta zo sunana da cikinka."

"To shiga, Minista. In ruwa ya tafi da kai gwamnati na da wasu."

Suka shiga, Kaka a tsakiya, Haripada a damansa, suka sarƙe hannuwa. Ruwan ya kai musu ƙugu.

A daidai nan jirgin Lutfar mai gudu ya iso. Ya fito da fararen kaya, wani na riƙe masa lema. Ya tsaya a kan jinga yana kallon ƙasa.

"Jobed! Ba ka da kunya? Minista guda tsirara a cikin taɓo?"

"Sauko mana, Lutfar, da sauran wuri. Ko tumbin ba zai bari ba? Ai da kai kaɗai muka samu da mun rufe tun safe."

"Wasa kake. Ka san abin da na zuba a kwarin nan?"

"Na san abin da za ka zuba. Gishiri."

"Wa ya buga maka hotuna? Wa ya ciyar da gidanka kana kurkuku? Wa ya fito da kai daga kogi kana zubar da jini?"

"Kai ne, duka. Ban taɓa musu ba. Ka zo gida ka ɗauki abin da kake so, har agwagin tsohuwa."

"Ka taɓa min agwagi ka gani," in ji kakata daga sama.

"Amma gonar mutane ba tawa ba ce, balle in biya ka da ita," in ji Kaka.

Lutfar ya koma gefe ya kara waya a kunne. Ya daɗe yana magana, yana kai da komo. Mu dai muna ta jefa buhuna. Ruwa ya kai wa masu layin ciki, ya haura zuwa ƙirji. Kaka gajere ne, nasa ya fi na kowa hawa.

Ni na fara ganin labarin, don wata ƙawata ta turo min shi a waya daga Khulna. An sauke ƙaramin ministan jingogi daga muƙaminsa, nan take. Na mayar da wayar cikin gyale ban faɗa wa kowa ba. Amma 'yan sanda ma suna da waya. Na ga sun haɗa kai, na ga Lutfar ya tako da sauri yana nuna wa sufeto fuskar wayarsa.

"Ka gani? Ba minista ba ne yanzu. Tsoho ne kawai mai karya umarnin kotu. Fito min da shi."

Kwanduna suka tsaya. Sufeto Biswas ya gangara bakin ruwa.

"Yallaɓai... Baba. An sauke ka. Don Allah ka fito."

"Ƙara murya, ruwa ya shiga min kunne."

"Na ce an sauke ka!"

"Madalla. Ai ga ni a ƙasa tun ɗazu." Ya juya kai wajenmu. "Wa ya ce ku tsaya? Ni aka sauke ko ku? Laka!"

Sufeton ya kira mutum huɗu ya ce su cire takalma su shiga su janyo shi. Sai kakata ta ajiye kwandonta ta sha gabansa. Tsawonta bai wuce aljihun rigarsa ba.

"Ɗana, kai mutumin ina ne?"

"Rangpur, Inna."

"Na ce ko. Ku a can ruwanku na sha ne. Dubi hannuwan mutanen nan. Ka ga yadda suke? Wannan tsohon banzan da kake gani shi ne ƙullin. Ka zare shi, layin ya rabe biyu, ruwa ya bi ta tsakiya da su duka, da gorar, da buhunan. Wasu za a same su gobe a bakin kurmi, wasu ba za a same su ba. Ba roƙonka nake ba. In za ka cire shi, cire shi, na gaji da shi ni ma. Amma ka ƙirga su tukuna, don ka san nawa za ka faɗa wa uwarka."

Sufeton ya dubi layin. Ya dubi yadda ruwa ke tafasa a tsakanin ƙafafunsu, yadda gorar ke rawa. Lutfar mutumin wurin ne, ya san duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa bai musa ba, sai dai ya ce zai kira manyan sufeton.

"Kira su, Alhaji," in ji sufeto. "Ka ce musu mai laifin yana hannuna. Ga shi can, ba inda za shi. Ina jira ya fito in kama shi."

Daga nan ba na tuna komai sai nauyin kwando. Ba wanda ya ƙara yin dariya. Ruwa ya kai wa Kaka wuya, ya ɗaga haɓa sama, ya daina magana. Duk lokacin da igiyar ruwa ta zo sai ta rufe masa fuska, ya ɓullo yana tofarwa. Haripada da wani saurayi da ke hagun Kaka suka ɗaga shi da kafaɗunsu har ƙafarsa ta bar ƙasa, amma hannuwansa na sarƙe. Buhunan suka ƙare, mutane suka ciro ƙofofin gidajensu da katakon gado. A hankali lakar da ke bayan masu layin ta tashi, ƙarar ruwan ta ragu, ta koma tsiyaya, ta tsaya. Haripada ya yi ihu cewa an rufe.

Sai da aka ɓamɓare hannuwan Kaka daga na maƙwabtansa, don sun sandare. Aka ɗauko shi aka kwantar a kan jinga, leɓɓansa sun yi shuɗi. Sufeto ya tsaya a kansa ya faɗa masa cewa ya kama shi. Kaka ya buɗe ido ɗaya.

"Ina wanda na ba ajiyar takalmi?"

Daga ofishin 'yan sanda asibiti aka wuce da shi, ciwon huhu ya kwantar da shi har bayan girbi. Babbar cikowar ta zo ta daki jingar ta koma. An yanke shinkafa a ƙauyukan bakwai a shekarar, ban da kwarin kudu, wanda gishirin da ya riga ya shiga ya ƙone.

Jam'iyya ta kore shi. Da zaɓe ya zo ya tsaya da kansa, ya faɗi, ɗan ƙanin Lutfar ya ci. Cikin waɗanda suka ƙi shi har da mutanen da suka miƙa kwando a ranar, don kuɗin hayar jatan lande a hannu ake ba da shi, shinkafa kuwa sai an jira ta. Na yi zaton abin zai karya shi. Da aka kawo masa sakamakon cewa ya yi, "Ƙuri'arsu ce, ai don ita muka yi yaƙin," ya nemi a ƙara masa barkono a jiƙaƙƙiyar shinkafarsa. An mayar da sufeton wani wuri mai nisa. Shari'ar kuwa har yau ana yi, Kaka bai taɓa fashin zama ba. Shi da Lutfar ba sa magana. Sukan haɗu a jana'izar tsofaffin mayaƙa, su tsaya a sahu ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Izinin ƙofar ruwan yana nan, ba a soke shi ba. Shi ya sa Kaka ya kafa bukka a kan jinga, daidai inda aka like, can yake yini.

Zuwana gida na ƙarshe na tarar masu awo sun dawo, sun kafa turaku masu jan fenti daga jinga har cikin kwari. Da na kai masa abincin rana ban ga turaku ko ɗaya ba. A bayan bukkar kuwa ga sabuwar rumfar kabewa, ƙafafunta duk da jan kai. Kakata tana zaune tana tsinke masa ganyen pan.

"Za su sake kai ka kotu, Baban Rokeya."

"Su kai. Ai hanya ɗaya ce, sai a haɗa min rana."

"In suka dawo da wasu fa?"

"Allah ya sa su kawo dogaye," in ji shi. "Waken bai samu abin hawa ba tukuna."